Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Ciyar da Kifi da Murjani, da Darasin da ke Ciki ga Masu Kiwo a Jega, Aliero da Maiyama

(Laccar da aka gabatar wa ɗalibai a Aliero)



 Batun da aka ɗora mini shi ne yadda ake ciyar da kifi da murjani a cikin akwatin gilashi, irin wanda mutanen wasu ƙasashe kan cika da ruwan gishiri su ajiye a ɗakunansu don sha'awa. Na tabbata da jin haka wani zai ce a ransa, ina ruwan mutumin Jega ko na Maiyama da murjani, alhali kuwa tsakaninsa da teku akwai tafiyar ɗaruruwan kilomitoci? Tambayar tana bisa hanya. Amsarta ita ce, wannan akwati shi ne ruwan da ya fi kowane ruwa rashin haƙuri da kuskuren mai ciyarwa, saboda haka a cikinsa ake ganin dokar kiwon kifi ƙuru-ƙuru. Dokar kuwa ita ce: duk wanda ya tsare ruwa wuri guda ya zuba abinci a ciki, to, ruwan yake ciyarwa tare da kifin, kuma abin da ya zuba ba ya zuwa ko'ina sai in shi ya fitar da shi. Wannan doka ita ce ke mulkin tankin tarwaɗar da ke bayan gidajenmu, kamar yadda take mulkin akwatin Bature.

MENE NE MURJANI?

Kalmar murjani ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe. Daga Larabci muka aro ta, kuma duk wanda ya karanta Suratur Rahman ya ci karo da ita tare da lu'ulu'u. Iyayenmu mata sun san shi a matsayin jan dutsen ado. Murjani na ainihi, ban da na kwalba da na roba da suka cika tiren 'yan koli, daga Bahar Rum ake ciro shi. Alhazanmu na dauri kuwa, waɗanda suka bi ta Sudan a ƙafa, sun kwana cikin gidajen murjani ba tare da da yawansu sun sani ba, domin tsofaffin gine-ginen Sawakin da na tsohuwar Jidda da dutsen murjanin Bahar Maliya aka yi su.

To amma murjani dutse ne, ko tsiro, ko dabba? Malaman Turai sun daɗe suna ɗaukarsa tsiro ne, har zuwa shekarun 1720, lokacin da wani likita Bafaranshe mai suna Peyssonnel ya lura da shi a gaɓar Afirka ta Arewa, ya ce dabba ce. Aka ƙi yarda da maganarsa sai bayan shekaru. A yau babu jayayya. Murjani taron ƙananan halittu ne, dubbai a manne da juna, kowace tana da baki da 'yan yatsu masu harbi kewaye da shi. Kowace tana tsotso sinadarai daga ruwa ta gina wa kanta gida na dutsen farar ƙasa. In ta mutu gidan ya rage, wata ta yi gini a kansa. A haka, cikin dubban shekaru, ake samun tudun murjani. Mafi girmansu yana gaɓar Ostareliya, tsawonsa ya kai kilomita 2,300. Sinadarin wannan gini shi ne na dutsen da ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato ana yin siminti, domin kuwa wajen shekara miliyan 60 da suka wuce teku ce ta shafe wannan yanki namu, kuma dutsen Kalambaina ragowar ɓawon halittunta ne.

Abin mamaki game da tudun murjani shi ne, duk faɗinsa a duniya bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan kashi 25 cikin 100 na ire-iren halittun teku suna rayuwa a jikinsa. Abin da ya fi wannan ban mamaki kuma, ruwan da yake bunƙasa a ciki ruwa ne garau, mai ƙarancin abinci ƙwarai. Yaya aka yi birni mai cunkoso ya kafu a tsakiyar hamada? Sirrin yana cikin naman murjanin. Akwai wasu ƙwayoyin gansakuka, waɗanda ido ba ya gani, zaune cikin jikinsa. Su ne ke amfani da hasken rana su haɗa sukari, kamar yadda ganyen dawa ke yi, su ba mai masaukinsu mafi yawansa, har yakan kai kashi 90 cikin 100 na abin da wasu ire-iren murjani ke buƙata. Shi kuma yana ba su mafaka, yana ba su ƙazantar jikinsa ta zame musu taki. Watau abin da ɗaya ya zubar shi ne abincin ɗaya, ba a asarar komai. Ragowar buƙatarsa yana samu da dare, lokacin da yake miƙa yatsunsa ya kama ƙananan halittun da ruwa ke kawowa. Shi jan murjanin ado ba shi da waɗannan ƙwayoyi, a wuri mai duhu-duhu yake zama, da farauta kaɗai yake rayuwa, shi ya sa girmansa ke da nawa ainun.

Wannan zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka yana da saurin lalacewa. In ruwa ya yi zafi fiye da yadda aka saba da digiri 1 ko 2 na wasu makonni, murjani kan kori ƙwayoyin nan, ya yi fari fat, in abin ya daɗe ya mutu da yunwa. Hakan ya auku a tekunan duniya a 1998, da 2010, da tsakanin 2014 zuwa 2017, aka kuma ba da sanarwar karo na huɗu a watan Afrilu na 2024. Haka kuma in taki ya yi yawa a ruwa, gansakuka ta waje kan taso ta lulluɓe shi. An ga misalin haka a gaɓar Kaneohe ta tsibiran Hawayi, inda aka yi shekaru ana zuba ruwan ƙazantar gari, har gansakuka ta danne murjani. Da aka karkatar da ƙazantar zuwa wani wuri a 1977 da 1978, cikin 'yan shekaru gansakukar ta ja baya, murjani ya fara farfaɗowa. Ku riƙe wannan labari, domin abin da garin nan ya yi wa gaɓarsa shi ne abin da mai kiwo ke yi wa tankinsa duk ranar da ya zuba abinci ba awo.

TEKU A CIKIN AKWATI

Ajiye halittun ruwa a cikin gilashi bisa ƙa'idar kimiyya ya fara ne a Ingila. A 1850 wani masanin haɗa sinadarai, Robert Warington, ya nuna cewa in aka haɗa kifi da ciyawar ruwa da dodon koɗi a mazubi guda, kowane zai taimaki ɗan'uwansa, ruwan ya daɗe bai ɓaci ba. A 1853 aka buɗe ɗakin kifi na farko don 'yan kallo a gidan dabbobi na Landan. Amma raya murjani mai gina dutse ya gagari mutane har zuwa shekarun 1970 da 1980, lokacin da masu sha'awar abin a Jamus suka gano dabarar haɗa abubuwa uku: fitila mai ƙarfin haske, da duwatsun teku masu ɗauke da ƙwayoyin bakteriya, da wata na'ura mai tayar da kumfa wadda ke kwashe ƙazanta kafin ta ruɓe.

Mai irin wannan akwati yana tsare ma'aunai kamar mai jinya. Gishiri giram 35 a kowace lita. Zafi tsakanin digiri 24 zuwa 27. Haske na sa'o'i 8 zuwa 12 a yini, domin hasken nan shi ne babban abincin murjani. Injin tura ruwa kuwa ba ya hutawa dare da rana. Daga nan kun ga dalilin da ya sa wannan sha'awa ke da wuya a ƙasarmu, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, wutar lantarki kuma ba ta da alƙawari. Ba ina kiranku ku je ku sayo ba ne. Ina kiranku ku dubi yadda yake ciyarwa.

Kifin yana ba shi abinci sau ɗaya ko sau biyu a yini, gwargwadon abin da zai cinye cikin minti 2 zuwa 3. Yana bambanta masu cin nama, waɗanda yake ba ƙananan jatan lande daskararru, da masu kiwon ganye, waɗanda yake maƙala wa busasshiyar ciyawar teku a jikin gilashi su yi ta tsinka. Wasu ƙananan kifaye ba sa iya cin da yawa lokaci guda, sai a raba musu abincin sau uku ko huɗu. Murjani kuwa sau ɗaya ko biyu a mako ya ishe shi. Yakan jira sai an kashe fitila yatsu sun fito, ya tsayar da injin na minti 10 zuwa 15 don kada ruwa ya kwashe abincin, ya sa sirinji ya ɗiga wa kowane a bakinsa. A wasu akwatunan ma ba a ba murjani komai kai tsaye, haske da kashin kifi sun wadatar da shi. Bayan wannan duka, kowane mako ko mako biyu yana kwashe kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na ruwan ya zuba sabo.

Me ya kawo wannan tsantseni? Ga dalili. Abincin kifi cike yake da furotin, furotin kuwa yana ɗauke da sinadarin naitirojin. Kifi ba ya riƙe duka a jikinsa. Mafi yawansa yana fitarwa a matsayin amoniya, ta jajayen sassan nan na gefen kansa da yake numfashi da su. Abincin da ya nitse ba a ci ba shi ma ruɓewa yake ya zama amoniya. Amoniya ita ce warin da ke bugun hanci a makewayi, kuma guba ce ga kifi ko da kaɗan ce. Wasu bakteriya suna juya ta zuwa naitirait, wanda shi ma guba ne, domin yana hana jini ɗaukar iska. Wasu bakteriyar kuma su juya naitirait zuwa naitiret, wanda cutarwarsa kaɗan ce ga kifi, amma taki ne. Tare da shi akwai fosfet, wanda shi ma daga abinci yake fitowa. In waɗannan biyu suka taru, gansakuka ta samu abin da take so, fosfet kuma ya rage wa murjani ƙarfin gini. Don haka mai akwati ke son amoniya da naitirait su kasance babu su sam, naitiret kada ya wuce kimanin miligiram 10 a lita, fosfet kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na miligiram. Amma fa in ya tsananta tsafta har suka ƙare ƙarƙaf, murjani kan koɗe don yunwa. Ƙoshi na kisa, yunwa na kisa, gwanin shi ne wanda ya san tsakani.

DAGA GULBI ZUWA TANKI

Yanzu bari mu dawo gida. Mu mutanen Kabi ba a koya mana kifi. Gulbin Zamfara ya ratsa ta Jega kafin ya haɗu da Gulbin Kabi su gangara Kwara. Sarkawa sun san giwan ruwa da ramboshi da bargi da yauni da ƙurungu kamar yadda makiyayi ya san shanunsa. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo siffarsa ta yanzu daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, duniya ta san da shi, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado a 2016. To amma duk wannan ilmi na kamu ne. Masunci bai taɓa ciyar da kifi ba, gulbi ne ke yi masa wannan aiki. Da damina ruwa ya malala fadama, kifi ya bi shi ya yi ƙwai, 'ya'yan su ci ƙwari da tsutsa da ruɓaɓɓen ganye, ƙazanta kuma igiyar ruwa ta tafi da ita. Gulbi shi ne mai dafawa, shi ne mai shara.

Kiwo wani abu ne dabam. A Nijeriya ya fara kankama da gonar kifi ta Panyam a ƙasar Filato, wadda aka soma a 1951, har ta kai ga ƙasar nan ta zama kan gaba a Afirka wajen kiwon tarwaɗa. Duk da haka abin da muke samarwa bai ishe mu ba, shi ya sa kifin ƙanƙara na ƙasashen waje ya cika kasuwanninmu. Wannan giɓi shi ke jan matasa, har da waɗanda suka gama jami'a, su gina tankin siminti ko su kafa na tamfol, su zuba 'ya'yan tarwaɗa. Da yawa da kuɗin aro ko na gado suke farawa. Abin da ba a faye gaya musu ba shi ne, ranar da suka tsare ruwa a tanki, aikin gulbi guda biyu sun dawo kansu. Yawancinsu sun karɓi aikin dafawa da murna, sun manta da na shara.

Bari mu yi lissafi, tun da a jami'a muke. A ce mutum yana da tarwaɗa 1,000, kowace nauyinta giram 100, cikin tanki mai cin lita 10,000. Jimillar nauyinsu kilo 100 ke nan. A wannan girma abincinsu na yini bai wuce kashi 3 cikin 100 na nauyinsu ba, watau kilo 3. In abincin yana da furotin kashi 40 cikin 100, to, a kowane kilo akwai giram 400 na furotin. Kashi 16 cikin 100 na furotin naitirojin ne, watau giram 64. Kifi yana riƙe abin da bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, saura kimanin giram 45 ya koma ruwa. A kilo 3, giram 135 ke nan kullum. In aka raba shi cikin lita 10,000, za a samu fiye da miligiram 13 a kowace lita, a yini guda, kuma wannan ga wanda ya auna abincinsa daidai ke nan. To, ina ga wanda ke ɗiba da kwano yana watsawa don yana ɗokin su girma kafin salla? Wannan ya biya kuɗi sau biyu: ya sayi abincin da ba a ci ba, abincin kuma ya zama gubar da za ta kashe masa jari. Abinci kuwa shi ke cinye kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin kiwo.

Yanayin ƙasarmu yana ƙara wa abin nauyi. Ruwa mai sanyin digiri 20 yana iya riƙe iskar oksijin kimanin miligiram 9 a lita, amma a digiri 30 bai wuce 7 da rabi ba. Gubar amoniya kuwa ƙaruwa take da zafi. Saboda haka bazara ita ce lokacin hatsari: iska ta ragu, guba ta ƙaru, ruɓa ta yi sauri. Da hunturu kuma matsalar kan juya. Kifi ba shi da ɗumin jiki na kansa, in ruwa ya yi sanyi cinsa kan ragu. Wanda ya ci gaba da zuba abincin watan Oktoba a watan Janairu, ƙasan tanki yake ciyarwa. Har ila yau, a tafki mai koren ruwa iska ta fi ƙaranci da asuba, domin gansakukar da ke ba da iska da rana ita ma shaƙa take da dare. Shi ya sa mafi yawan mutuwar kifi da sassafe ake tarar da ita.

Akwai wani abu game da tarwaɗa wanda ke yaudarar masu kiwo. Allah ya hore mata wata gaɓa a cikin kanta da take shaƙar iskar sarari da ita, don haka takan rayu a ruwan da ƙarfasa ba za ta kwana a ciki ba. Mai ita sai ya ga ba ta mutu ba, ya ɗauka lafiya lau. Alhali kuwa ta rage ci, ta daina girma, fatarta ta fara gyambo, abincin da ya kamata kilo 1 zuwa 1 da rabi ya ba da kilo guda na nama sai ya zama ana zuba ninkinsa. Murjani da ya ji ba daɗi nan take yake nunawa. Tarwaɗa tana haƙuri, haƙurin nan nata kuwa shi ke cinye ribar mai ita a ɓoye.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Daga abin da ya gabata, ga shawarwari shida ga duk wanda ke kiwo ko yake da niyya.

Na farko, a auna. Kowane mako biyu a kamo kifi 20 ko 30, a ɗora a sikeli, a fitar da matsakaicin nauyi, a lissafa abincin yini. Ƙananan 'ya'ya suna cin kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinsu, a raba musu sau uku ko huɗu. Manya kashi 2 zuwa 3, sau biyu. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a wannan sana'a idon da bai saba da sikeli ba bai san kimar ba tukuna.

Na biyu, a tsaya a kalla. A riƙa zubawa kaɗan-kaɗan a wuri guda da lokaci guda, da safe da kuma yamma lis, ban da tsakar rana. Da zarar an ga ɗokinsu ya ragu, a dakata, ko da akwai saura a kwano. Abinci mai tasowa saman ruwa ya fi mai nitsewa tsada, amma yana nuna wa mai shi abin da aka ci da wanda aka bari. Kifin da ya ƙi cin abinci magana yake yi, kuma yawanci ƙarar ruwa yake kawowa.

Na uku, a duba ruwa kafin a duba buhu. Wari, da kumfar da ba ta bajewa, da kifi yana rataye a tsaye a saman ruwa, duk alamu ne. Ranar da aka gan su a hana abinci, a sauya ruwa. Yunwar yini guda ba ta kashe tarwaɗa. A tafkin ƙasa kuwa, a tsoma hannu: in tafin hannu ya ɓace tun ruwa bai kai gwiwar hannu ba, koren ya yi yawa, a daina zuba taki, a rage abinci.

Na huɗu, kada tsoron ɓata ruwa ya kai mutum ga rowa. Tarwaɗa mai jin yunwa 'yar'uwarta take ci. A riƙa tace su, musamman a watanni biyu na farko, a ware manya daga ƙanana, a kuma daidaita girman ƙwayar abinci da bakin kifi.

Na biyar, wanda zai haɗa abinci da kansa yana da kayan haɗi a kusa: ƙuli-ƙuli, da waken suya, da masara, da garin ƙananan kifi, da dusar shinkafa, wadda ta yawaita a jihar nan tun da noman shinkafa ya ƙara bunƙasa. Amma a soya waken suya ko a dafa shi, domin ɗanyensa yana da sinadarin da ke hana narkar da furotin. A guji ƙuli-ƙuli ko masarar da ta yi fumfuna, domin gubarta tana lalata hantar kifi. Dusa kuma kada ta yi rinjaye, tarwaɗa tana son furotin kashi 35 zuwa 45 cikin 100. Buhu a ɗora shi bisa katako a inuwa, kada a sayi abin da zai wuce wata biyu ko uku a ajiye.

Na shida, kuma shi ne darasin murjani na ainihi, a nema wa ƙazanta mai cin ta. Murjani ya rayu a hamadar teku domin ya ajiye manomi a cikin jikinsa. Mu manominmu yana maƙwabtaka da mu. Giram 135 ɗin nan na naitirojin da muka lissafa ya yi daidai da wanda ke cikin giram 290 na takin yuriya, wanda manomin albasa a Aliero da manomin shinkafa a fadamun Jega da Maiyama ke saye da tsada. Ruwan tanki in aka sake shi a lungu ya zama wari da sauro da rigima da maƙwabta, in ya gangara gulbi ya ƙara masa nauyi. In kuwa aka ja shi zuwa kwamin albasa ko tumatir ko alayyafo, ya zama ban-ruwa da taki lokaci guda. Sai dai a kiyaye abu biyu. Ruwan da aka zuba wa gishiri ko magani kada a kai shi gona. Albasa kuma in ta fara ƙosawa a janye mata shi, domin yawan naitirojin a ƙarshen lokaci yana jinkirta nunarta, yana sa ta saurin ruɓewa a rumbu. Saboda haka tun wajen zaɓen fili, wanda zai kafa tanki ya tambayi kansa inda ruwan zai tafi kafin ya tambayi inda zai sayo 'ya'yan kifi.

KAMMALAWA

'Yan'uwa ɗalibai, an kafa wannan jami'a a Aliero a 2006 da sunan kimiyya da fasaha, tana kuma da gonar koyarwa da bincike a Jega. Tambayoyin da wannan batu ya tayar ba sai an je Jamus za a amsa su ba. Sau nawa ya kamata a sauya ruwan tankin tamfol a watan Afrilu, sau nawa a watan Janairu? Kwami nawa na albasa ruwan tarwaɗa 1,000 zai iya shayarwa? Wane haɗi na ƙuli-ƙuli da waken suya da dusa ne ya fi ba da nama bisa kowace naira? Kowace ɗaya daga cikinsu ta isa aikin binciken shekarar ƙarshe, kuma kayan aikinta sikeli ne, da ma'aunin zafi, da 'yan kwalaben gwajin ruwa, da littafin rubuta abin da aka gani kullum. Wanda ya amsa ɗaya daga ciki, ya kuma fassara amsar da Hausa ga masu kiwon garinsu, ya tserar da jarin mutane da yawa.

Magabata sun ce ruwa ba ya tsami banza. In ruwan tanki ya yi wari, ko kifi ya wayi gari a kife, mu daina ɗora laifi ga baki ko maita ko mugun iri tun kafin mu bincika abin da hannunmu ya zuba jiya da shekaranjiya. Mai akwatin murjani yana ƙirga abinci da ɗigon sirinji don ya raya abin kallo. Mu da muke kiwo don mu ci, mu sayar, mu biya kuɗin makaranta, mun fi shi cancantar yin awo.